Mai Kwat Ɗin Da Ya Sa Na Tuna Abin Da Bai Faru Ba

Edita, ina gaishe ka da kai da masu karanta mujallarka. Ni ban taɓa zama a aji ba, 'yata ce take riƙe da biro ina faɗa tana rubutawa, kuma na gargaɗe ta kada ta sassauta mini magana ko ɗaya, domin har yau raina a ɓace yake.

A shekarun da wannan abu ya faru, wato bayan rikicin da ya raba garin Jos, lokacin da wayar hannu ta fara shiga hannun talaka, ni ce mai ƙosai da masa ta bakin layinmu a Ali Kazaure. Ba yabon kai ba, duk wanda ya tashi a layin nan ya san hannuna. Mahauta kafin su wuce mayankar Abattoir sai sun tsaya, direbobi da teloli kuwa har layi suke yi. Mijina ya rasu tun yara suna ƙanana, da kaskon nan na aurar da matan, na sa mazan a makaranta. Ban taɓa miƙa wa kowa hannu ba, ban taɓa taka ƙofar boka ba, kuma ba a ɓoye nake faɗin haka ba, a gidan biki da gidan suna nake faɗa da ƙarfi. Matan da ke yawon bin masu duba, ni ce mai yi musu dariya.

Akwai wata mata da take kawo mini itace, Kirista ce, 'yar ƙasa, daga wani ƙauye ta wajen Vom. Mota take shiga da kayanta, a sauke ta a bakin titi, ta ɗauko a ka har gabana. Mun fi shekara ashirin tare. Tun ban san hanyar filin jirgi ba take ce mini Hajiya, ni kuma ina ce mata ƙawa. Kullum sai mun yi tsiya. In ce mata itacenta ɗanye ne, hayaƙinsa zai makantar da ni, ita kuma ta ce ba itace ba ne, idona ne ya tsufa, kuma ƙosaina barkono ya fi wake yawa. Da Babbar Sallah naman farko da nake soyawa nata ne, da Kirsimeti kuma sai ga ta da acca da dankali. Lokacin rikici da ta ɗauke ƙafa, babu direban da ban tambaya ba. Ran da ta ɓullo, a tsakiyar titi muka rungume juna muna kuka, mutane suna kallo, ba mu damu ba.

Wata safiya da damina, itacen da ya kwana ya sha raɓa ya ƙi kamawa, sai na ɗauko kwalbar kananzir na zuba. Ashe irin kananzir ɗin nan ne da marasa tsoron Allah suke gauraya wa fetur. Na ji wata ƙara, kwalbar ta tarwatse a hannuna, wuta ta kama zanena da hannuna na dama. Ƙawar nan tawa tana isowa ke nan da kaya a ka. Ta watsar da itacen, ta kwance zanenta ta lulluɓe ni, ta danne ni a ƙasa tana kashe wutar da tafin hannunta. Telan da shagonsa ke kallon wurina ya gani, duk layi sun gani. Ta zo duba ni asibiti hannuwanta a naɗe da bandeji, tana dariya wai dama man ƙosaina ya daɗe yana neman ya ɗanɗana ta.

Ƙuna ta warke, amma wani abu ya zauna mini wanda ya fi ƙunar. Ko ashana aka ƙyasta kusa da ni sai gabana ya yanke ya faɗi, gumi ya keto mini a cikin sanyin Jos. Warin kananzir kuwa sai ya sa numfashina ya tsaya a wuya. Ni da na yi rayuwata a bakin murhu, ko ruwan zafi ba na iya dafawa. Idan matar ɗana ta ɗora girki sai in fita ƙofar gida in zauna kamar baƙuwa. Wata ta zo ta kafa kasko a daidai wurina. Na fara jin ana cewa Hajiya ta taɓu, wasu su ce aljanu ne. Limamin unguwarmu ya yi mini addu'o'i, kuma Allah ya saka masa, ya gaya mini gaskiya cewa shi bai ga alamar aljani ba, tsoro ne ya kama ni, in je asibiti ɓangaren masu lura da ƙwaƙwalwa. Na ce masa ni ba mahaukaciya ba ce, ba za a gan ni a wannan layi ba.

Ana haka wata da ta saba sayen masa a wurina ta ba ni labarin wani dakta a cikin gari, wai ba ya allura, ba ya ba da ƙwaya, magana kawai yake yi da zuciyar mutum. Muka je da 'yata. Ofis ne a saman bene, ga fanka, ga takardu a cikin gilashi an jera a bango, ga shi cikin kwat da nektai yana ƙamshin turare. Ya tarbe ni da Mama sannu, Mama zauna, Hausarsa rabi Turanci. Ya ce shi ba boka ba ne, ba malami ba ne, ilimin Turawa ne ya karanto, wai sunansa hifnosis. Zai kwantar da ni a wani hali tsakanin barci da farke, ya shiga inda tsoron yake ya tumɓuke shi. Da a kan buzu na same shi da faifan ƙasa a gabansa, da ko takalmi ban cire ba zan juya. Kwat ɗin nan ne ya cuce ni. Ya ce 'yata ta jira a waje, wai idon na biyu yana ɓata aiki, ni kuma na ce mata ta fita.

Ba zan yi masa ƙarya ba, zuwan farko na ji daɗi. Ya kwantar da ni a doguwar kujera, ya ce in kafa ido a wani ɗigo a bango, ya yi ta magana a hankali yana cewa jikina yana nauyi, idona yana nauyi. Na shiga wani hali kamar irin kwanciyar bayan asuba, kana jin kaji da masu shara, amma ba ka son motsi. Na koma gida jikina sakayau. A zuwa na biyu ne ya ce tsoro ba zai fita ba sai an gano tushensa, kuma wuta ba ta tashi haka kawai, akwai hannu a ciki. Ya ce ƙwaƙwalwar mutum kamar kaset ɗin bidiyo take, ta ɗauki komai na wannan safiyar, shi zai mayar da kaset ɗin baya mu kalla. Da ya kwantar da ni ya tambaye ni wa na gani a wurin. Na ce ƙawata. Ya ce a ina take tsaye. Na ce tana tahowa da kaya a ka. Ya ce in sake dubawa da kyau, anya ba ta fi haka kusa da kwalbar ba? Na ce ban sani ba. Ya ce zuciyata ce take ɓoye mini saboda ina son matar, kuma in tambayi kaina yaya aka yi ta riga kowa isowa kaina.

Haka muka yi ta yi, duk zuwa sai ya ƙara taku ɗaya. Bai taɓa tambayata ko tana riƙe da wani abu ba, sai dai ya ce da wane hannu take riƙe da shi, dama ko hagu. Bai ce ko ta tsuguna ba, sai ya ce da ta tsuguna ta waigo ko ba ta waigo ba. Rannan kuwa sai na gani. Wallahi na gan ta kamar yadda nake ganin tafin hannuna, tsugune a gefen murhuna tun kafin in fito, tana tsiyaya wani abu daga ƙaramar kwalba zuwa cikin tawa, ta waigo tana duba ko ana kallonta. Har kalar ɗankwalinta na gani. Na tashi ina kuka, shi kuma yana tafa hannu yana cewa alhamdulillahi, tushe ya fito.

Na je wa telan nan da maganar. Ya ajiye almakashi ya ce, Hajiya ki ji tsoron Allah, matar nan ko kayan kanta ba ta sauke ba wutar ta tashi, a gaban idona aka yi. Na ce masa shi da yake bayan keke da ni da wuta ta ci, wa ya fi sanin abin da ya faru? Abin da na gani da idona, ko abin da nake zaton na gani, ya fi mini shaidar duk layin. Ban yi shela ba. A wani gidan suna na faɗa wa mata biyu, na ce kada su gaya wa kowa. Amma duk wanda ya zauna a Jos a shekarun nan ya san irin wannan magana ba ta zama inda aka ajiye ta. Kafin ta zagayo ta dawo kunnena, ta zama wai turo matar aka yi ta ƙone unguwa, da ni aka fara gwaji.

Ita ba ta san komai ba. Ta zo da itacenta kamar kullum, domin duk da ba na suya ba ta daina kawo wa gidanmu ba. Samari suka tare ta a bakin layi, suka ture kayan, suka fizge mata ɗankwali, wani mara kunya da aka haifa a gabanta ya ɗaga hannu ya mare ta. Tsohuwa sa'ata. Telan nan da liman ne suka kutsa suka janye ta cikin shago, suka tsaya a ƙofa har aka samo acaɓa aka fitar da ita. Ina cikin ɗaki, ina jin muryarta tana kiran Hajiya, Hajiya ki fito ki gaya musu ko ni wace ce. Ban fito ba. A lokacin ina ganin wadda ta so kashe ni ce take kirana.

Tsoron wuta kuwa ko gezau, sai ma ƙaruwa. Na koma wa mai kwat, ya ce ai hannun ba ɗaya ba ne, akwai na cikin gida, ya fara tambayata wa yake ajiye mini kwalbar kananzir, ko matar ɗana ce. Abin da ya cece ta shi ne wata rana da na tarar da layi, na zauna a benci da wasu mata muna jira. Kun san mata da hira. Ɗaya ta ce ita cikinta ne yake zubewa, kuma dakta ya nuna mata yayarta uwa ɗaya uba ɗaya tana zuba mata abu a kunu. Wata malamar makaranta, Kirista, mai fama da ciwon kai, ta ce ita maƙwabciyarta Musulma ta gani a bakin randarta, kuma da ta gani dakta har waƙar coci ya yi. Na tambaye su yaya suka gan su. Kowacce ta ce a tsugune, da ƙaramar kwalba, kuma ta waigo. Mu uku, ciwo uku, unguwa uku, amma hoto ɗaya, kamar daga tanda ɗaya aka kwashe mu.

Ban jira a kira ni ba. Na tura ƙofar na same shi da wata baiwar Allah a kwance. Na ce masa bokan da ke zaune a kan buzu ya fi shi mutunci, domin shi bai ɓoye sana'arsa a cikin nektai ba. Na ce ya gaya mini mata nawa ya raba da 'yan uwansu a kan kujerar nan, kuma a garin da ake kashe mutum a kan jita-jita shi yake zaune yana ƙera ta a ƙarƙashin fanka. Ya fara Mama ki kwantar da hankali, hawan jini ne. Na ce kada ya ƙara ce mini Mama, da ni na haife shi da tun yana goye na san abin da na yi da bakinsa. Matan benci suka shigo, aka yi ta hayaniya har masu shagunan ƙasa suka hau. Ba a daɗe ba ya kwashe takardunsa ya ɓace, ofishin ya koma wurin buga waya. Ban san garin da ya koma ba, amma na san duk inda yake akwai wata a kwance tana ganin 'yar uwarta a tsugune.

Daga nan na sauke girman kai na bi 'yata asibitin da liman ya faɗa tun farko. Likitar mace ce, ba ta wuce sa'ar 'yata ba. Ta saurare ni har na gama, ba ta katse ni ba. Da ta ce cikin hanyoyin da za ta bi da ni har da irin wannan kwantarwar, sai na jawo mayafina zan tashi. Ta ce in zauna in ji, in ban yarda ba akwai wasu hanyoyin. Ta ce abin gaskiya ne, likitoci suna amfani da shi wajen rage tsoro da raɗaɗi da rashin barci, tare da sauran magani. Ba barci ba ne, ba tsafi ba ne, ba ya nuna gaibu, kuma mutum yana jin komai, yana iya buɗe ido duk sanda ya ga dama. Hankali ne kawai yake taruwa wuri ɗaya, jiki ya saki. Amma ta ce ƙwaƙwalwa ba kaset ba ce, kuma a wannan hali abin da aka raɗa wa mutum yana iya zama masa hoto har ya rantse ya faru, shi ya sa likitan kirki ba ya amfani da shi don neman mai laifi. Nan take na gane, domin sana'ata ce. Tunanin mutum kamar ƙullu yake, abin da aka jefa a ciki aka buga ya shige ke nan, in an soya ba mai iya tsince shi.

Aikinta daban yake da nasa tun daga ƙofa. 'Yata tana zaune a gefena. Kafin mu fara sai ta gaya mini duk abin da za ta faɗa, ta tambaye ni ko na yarda. Ba ta taɓa tambayata wane ne ba. Ta koya mini jan numfashi a hankali, in jikina ya saki sai ta ce in hango wuta can nesa, kamar wadda manoma ke hurawa a kan tsauni, in tsaya a inda ba na jin tsoro. Wani zuwan mu matso kaɗan. In gabana ya fara faɗuwa mu tsaya, ba dole. Daga baya, ido biyu, ta ƙyasta ashana a ƙarshen ɗaki, sannan kyandir a kan tebur, sannan ni da hannuna. Ta koya mini yadda zan kwantar da kaina a gida ba tare da kowa ba. An ɗauki watanni. Ran da na hura murhu na ɗora kasko, matar ɗana ta yi guɗa, ita da saura kaɗan in ɗora mata sharri. Wurina na bakin layi dai ya tafi, a zaure nake suya yanzu, kuma masu nema suna samuna.

Abin da ya rage shi ne ƙawata. Na shiga mota da 'yata muka nufi wajen Vom, muna tambaya daga tasha zuwa coci har aka nuna mana gidan. Mun same ta a tsakar gida tana sheƙar acca. Ɗanta babba yana ganina ya taso zai kore mu, ta ce masa ya koma ya zauna, baƙinta ne. Ta ba ni kujera, ta kawo ruwa. Na zayyana mata komai, daga bene har benci, ban rage ba, na roƙe ta gafara. Sannan ta ce marin bai dame ta ba, yara ne marasa hankali. Abin da take kwana da shi take tashi da shi shi ne ta kira ni da bakinta, tana kallon ƙofata, ƙofar ba ta buɗe ba. Ta ce ta yafe, addininta ya ce ta yafe, kuma ta ji daɗi da na koma suya, tana fatan na rage barkono. Muka yi 'yar dariya. Na ce to yaushe zan ga itace. Ta ce Hajiya, ƙafata ba za ta ƙara iya shiga layin nan ba. Da muka tashi tafiya ta ce mu sauka lafiya, ta koma kan accarta. A duk zamanmu ba mu taɓa rabuwa ba sai ɗaya ta raka ɗaya har bakin titi, muna tafe muna ƙarasa tsiya. Rannan ni da 'yata kaɗai muka taka har titi.

Shi ya sa na ce a rubuta wannan. Ban ce ku guji wannan magani ba, ni shaida ce yana aiki, da shi na koma bakin murhu. Amma ku san hannun da za ku kwanta a gabansa. Kwat ba ilimi ba ne, takarda a gilashi kowa yana iya ratayawa. Ku je asibitin da aka sani, ku shiga da naku, ku tambayi me za a faɗa muku kafin ku rufe ido. Duk wanda ya ce zai kwantar da ku ya nuna muku wanda ya yi muku sharri, ku ɗauki takalmanku ku fita, ko da a tsakiyar magana ne. Kuma in shaidar mutanen da suke tsaye ido biyu ta saɓa da abin da kuka gani a kwance, ku bi ta masu ido biyu. Mata 'yan uwana, ku da kuke cewa ku ba a yaudararku, ni ma haka nake cewa.

Likitar ta cire mini tsoron wuta, amma ta gaya mini gaskiya cewa hoton nan ba lallai ya goge ba. Bai goge ba kuwa. Har yau in na rufe ido ina ganin matar da ta kashe mini wuta da tafin hannunta tana tsugune da kwalba tana waigowa. Na san ƙarya ne, na san wanda ya sa shi, amma yana nan daram kamar ranar aurena. Wannan ne ban yafe wa mutumin nan ba, kuma ba zan yafe ba sai mun tsaya gaban Allah.